Haƙƙin mara lafiya a gaban ma'aikacin kwamfuta

A da, mara lafiya kan yanki kati a hannun akawu ya wuce wurin likita. Yau a manyan asibitocinmu da wuraren rajistar inshora, wanda ake fara tsayawa gabansa shi ne ma'aikacin kwamfuta. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Katsina tana shigar da jama'a cikin tsarinta. Sai suna ya hau na'ura kafin magani ya fito. Saboda haka halin wanda ke zaune bayan na'urar ya zama wani ɓangare na jinya.

Mu dubi mutumin Wagini a ƙaramar hukumar Batsari, ko na ƙauyukan Safana da ke bakin Dajin Rugu. Kafin ya iso asibiti ya sayar da tiyoyin gero ya biya ɗan acaɓa, ya ratso hanyar da 'yan bindiga suka sa ake bi da fargaba. Wani takardunsa sun salwanta a gudun hijira. Idan aka ce masa "babu sabis, ka dawo gobe" ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba, da wuya ya dawo. Kemis zai nufa, ko ya koma gida da ciwonsa.

Yankewar sabis ba baƙon abu ba ce a wannan yanki. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kwashe watanni a haka. Wajibi ne hukumomin asibiti su tanadi rajistar takarda don irin wannan rana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili.

Addininmu ya riga doka magana. Malaman tafsiri sun bayyana cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da makahon sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum, domin a nuna cewa mai rauni idan ya zo da buƙata ba a kawar masa da kai. Sakin fuska sadaka ne. Tsohuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba haƙƙinta ne a ce mata "Sannu Iya", a yi mata bayani da Hausar da za ta gane, ba tsawa ba.

Akwai kuma amana. Mai kwamfuta yana ganin sakamakon gwajin da ko miji bai gani ba. Ɗaukar hotonsa a tura a WhatsApp, ko kiran sunan cuta a gaban layi, tona asirin Musulmi ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta haramta shi.

Mu ma da namu nauyin: mu tafi da lambar NIN da katinmu, mu bi layi, mu tuna ma'aikacin na iya wuni shi kaɗai da na'ura ɗaya. Ɗalibanmu masu karatun kwamfuta kuwa su sani kujerar nan wurin neman lada ce ga wanda ya gyara niyya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da yankinmu lafiya.