Ƙanƙarar Sha Iri Iri: Wacce Ta Dace da Ƙungiyarmu?

'Yan'uwa manoma, da zarar bazara ta kama, sai masu keke su cika kasuwanninmu da tallar abin sanyi, yaranmu suna binsu da kuɗin da muka samu da gumi. A daidai wannan lokaci kuwa mangwaro yana ruɓewa a gindin itace. A ganina ya kamata ƙungiyoyinmu su shiga wannan sana'a. Amma sai mun san ire-irenta tukuna.

Na fari shi ne askirim. Da madara da manta da sukari ake yinsa, ana kaɗawa yana daskarewa, domin iska ta shiga ya yi laushi. A dokar Amurka, sai man madara ya kai kashi 10 cikin 100 kafin a kira shi askirim. Mutanen Italiya suna da nasu, jelato, wanda mansa da iskarsa ba su kai haka ba.

Na biyu, kulfi na Indiya. Akan tafasa madara har ta yi kauri, a zuba a 'yan gwangwanaye, a binne su cikin tukunyar ƙanƙara da gishiri, gama gishiri yana ƙara wa ƙanƙara sanyi.

Na uku, yogot, watau kindirmon da aka sa wa sukari aka daskarar.

Na huɗu, wanda Faransawa ke kira sorbe: ruwan 'ya'yan itace da sukari kawai, ba madara. Ƙanƙarar zoɓo da matanmu ke ƙullawa a leda 'yar gidansu ce.

To, shawarata ita ce mu fara da na huɗun nan. Kayansa namu ne: mangwaro, gwaba, zoɓo, tsamiya da garin 'ya'yan kuka. Ba ya bukatar injin kaɗawa, sai firiza, ga shi yanzu akwai masu aiki da hasken rana. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiya tana iya saya da adashi.

Wani zai ce, ai askirim ya fi tsada, ribarsa ta fi. Gaskiya ne, amma yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri dare da rana. In wuta ta ɗauke ya narke, aka sāke daskarar da shi, laushinsa ya tafi, yana kuma iya ɓata ciki. Ban da haka, da bazara nono yakan yi ƙaranci, sai mu koma sayen madarar gari daga waje. Kamfani irin Fan Milk yana wannan aiki a Gana da Nijeriya tun shekarun 1960. Ba da shi za mu yi kokawa ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai gargaɗi ɗaya. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai yake sa su. Ruwan rijiya mai kwalara, in ya daskare, da cutarsa zai narke a bakin yaro. Saboda haka a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu, a rufe mazubi. Ranar da muka kai ga yin yogot, a dafa madarar tukuna, domin ɗanyar madara tana ɗauke da tarin fuka na shanu.

Shugabanni, ku kawo wannan magana a taron wata mai zuwa, ku ba mata dama su yi lissafi, gama sun riga mu sanin sana'ar. Mangwaro ba zai jira mu ba.