Daga Allon Malam: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

A wannan wata za mu taɓo abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, mu malaman makaranta na nan Kilomita Biyar, wato tsadar intanet.

Kwanakin baya muka so nuna wa ɗalibanmu bidiyon yadda zuciya ke harba jini. Minti goma ne kacal, amma hoto ya yi ta tsayawa yana juyi har kuɗin da muka zuba a waya ya ƙare. Yara suka tashi ba su ga komai ba.

Dalili kuwa shi ne bidiyo akwai ci. Kallon awa ɗaya mai matsakaicin haske kan lashe kusan rabin giga, alhali saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega guda ba. Ga shi ƙasarmu ba ta da bakin teku, inda manyan igiyoyin intanet ke sauka. Shekara da shekaru ta tauraron ɗan'adam muke samu, shi kuwa akwai tsada.

A shekarar 2022 gwamnati ta halatta kuɗin Bitcoin, a lokacin da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke shiga intanet a ƙasar nan. A 2023 kuma Shugaba Touadéra ya ƙaddamar da igiyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 900, wadda ta haɗa mu da Kamaru da Kwango, da tallafin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai. Madalla. To amma rijiya ta bayar, guga ya hana: igiya ta iso Bangui, ajin ɗan talaka bai gan ta ba.

Abin ya wuce makaranta. 'Yan'uwanmu da rikicin 2014 ya kora Cadi da Kamaru, tsofaffinmu na son ganin fuskokinsu, amma sai dai murya.

Muna kira ga hukuma da kamfanonin waya da su ja igiyar zuwa makarantu, su kuma ware wa ɗalibai farashi mai sauƙi. Kafin nan, wanda ya sauke darasi ya tura wa goma ta katin waya, yadda muke yi da finafinan Kano. Iyaye kuma mu haɗa 'yan sefa kowane wata don ajin yaranmu.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.