Kafin ka sayi wufa, fara da sifikun ƙofa

Ranar da na karɓi makullin motata ta farko, wata tsohuwar Corolla 'yar Kwatano, ko wajen bakanike ban kai ta ba na zarce shagon kayan sauti. Kusan rabin kuɗin da na samu a aikin wata manhaja na zuba a kan wufa mai inci 12 da amfilifaya da aka rubuta 2000W a jikinta. Na yi sati biyu ina zaga unguwa gilasai suna karkarwa. Daga nan fitilun gaba suka fara dishi-dishi duk lokacin da ganga ta buga, wata safiya kuma mota ta ƙi tashi. Abin haushin shi ne duk wannan rugugi muryar mawaƙi ba ta fita sosai, domin tsofaffin sifikun ƙofa suna nan yadda na same su.

Shi ya sa nake ganin duk wanda kuɗinsa ba su da yawa ya bi wannan tsari: sifikun gaba tukuna, sai rediyo, sai wayarin mai kyau. Wufa ita ce ta ƙarshe, idan an samu rara.

A aikinmu na rubuta manhaja, idan abu yana nauyi ba ka gaggawar sayen sabuwar kwamfuta, sai ka fara gano inda cikas ɗin yake. A tsohuwar mota cikas ɗin galibi yana cikin ƙofa. Sifikun da suka zo da ita sun sha zafi da ƙura shekara da shekaru, gefensu ya bushe ko ya yage. Kuma murya da yawancin kayan kiɗa daga nan suke fitowa, wufa ƙasan sauti kawai take ɗauka. Nemi sifiku masu gefen roba, sun fi na soso jure zafinmu. Yawancin ƙananan motoci inci 6.5 ko kusa da haka suke ɗauka, amma a buɗe ƙofar a auna kafin ka biya.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wat iri biyu ne: akwai na ƙololuwa, wanda na'ura ke iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, akwai kuma RMS, wanda take bayarwa a kai a kai. RMS za ka tambaya. Rediyon da aka rubuta wa 50W x 4 yawanci wajen wat 20 yake ba kowace sifika, kuma hakan ya wadatar a cikin ƙaramar mota. Ga lissafin da na so a ce na yi tun farko: batirin mota bolt 12 ne, don haka wat 2000 na gaske yana buƙatar sama da amfiya 160, abin da altanetar ƙaramar mota ba ta bayarwa. Dubi fis ɗin da ke jikin amfilifaya. Idan na amfiya 30 ne, da ƙyar wutar da take ja ta wuce wat 400, komai abin da aka rubuta.

Sai rediyo. Na san yadda babban allon Android ke ɗaukar ido a dashbod, amma masu arahar cikinsu ƙaramar waya ce mai RAM 1GB ko 2GB aka lulluɓe. Suna jinkirin tashi, suna maƙalewa idan rana ta buga, kuma da wuya su samu sabuntawa. Wayar da ke aljihunka ta fi su ƙarfi. Rediyo mai Bluetooth da USB na Pioneer, Sony, Kenwood ko JVC ya ishe ka, muddin ka tabbatar ba jabu ba ne. Ka kuma duba ramin motarka, ko mai hawa ɗaya ne, tsayin santimita 5, ko mai hawa biyu, santimita 10. In ma rediyonka yana da ramin AUX, ƙaramar na'urar Bluetooth za ta riƙe ka kafin kuɗi su taru.

Inda ba a rowa shi ne wayarin. Ware kuɗin gwanin mai wayarin tun kafin ka shiga kasuwa. Kada ka yarda a yayyanka wayoyin mota a murɗe a naɗe da salatif. Idan za a ja waya daga batir zuwa amfilifaya, lallai a sa fis kusa da batirin, kuma wayar ta zama ta jan ƙarfe zalla. Wayar da ta goge ta taɓa jikin mota babu fis, gobara ce.

Wani zai ce kiɗa ba bugu ai lami ne. Gaskiya ne, ni ma ina son bugun. Amma sababbin sifiku kaɗai za su ba ka wanda ba ka zata ba, kuma daga baya kana iya ƙara ƙaramar wufa mai amfilifaya a jikinta, wadda ake sa wa a ƙarƙashin kujera, but ɗinka kuma ya zauna da faɗinsa.

Ran da za ka je shago, tafi da waƙoƙi uku da ka sani sarai a wayarka, masu inganci, domin fayil ɗin 64kbps ko a motar miliyoyi ba zai yi daɗi ba. Saurara a daidai ƙarar da za ka riƙa tuƙi da ita, wadda za ka ji hon ɗin mai Adaidaita Sahu a bayanka. Idan murya ta fito tas a haka, biya. Ni wufar nan tana ɗakina har yau, a kanta nake ɗora kwamfuta.