Mai Gidan Haya, Wa Ka Ba Ginin?

Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, Ikoyi, a Legas, ya rushe, mutum sama da 40 suka mutu, har da mai ginin. Hukumomin jihar sun ce hawa 15 aka ba shi izini. Tun Fabrairun 2020 kuma injiniyoyin da ke duba aikin suka rubuta takarda suka janye hannunsu. Mai dukiya ya ji gargaɗi, ya ci gaba.

Duk lokacin da gini ya faɗi, ɗan kwangila muke tsine wa. Sau da yawa ya cancanta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum uku sun kawo maka lissafi, biyu sun yi kusa da juna, na uku ya zabge kuɗin ƙwarai, kai kuma ka rungume shi. Daga ina zai fitar da ribarsa? Farashin siminti ɗaya ne a kasuwa. Zai sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, ya cika yashi a kwaɓi, ya cire katakon dakin kankare bai gama ƙarfi ba, alhali injiniyoyi sai a kwana 28 suke auna cikar ƙarfinsa. Filasta da fenti su rufe komai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mai gidan haya ba ya kwana a ciki. Matan wasu da ’ya’yansu ne za su kwana ƙarƙashin wannan dakin.

Kafin ka miƙa kafin alƙalami, je ka ga gidan da mutumin ya gina shekaru biyar baya, wanda ya sha damina, ka tambayi mazauna cikinsa. Tambayi birkiloli da leburorinsa ko yana biyansu. Wanda ke cin gumin lebura ba zai ji nauyin cin naka ba. In bene ne, nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN wanda kai za ka biya, ba wanda ɗan kwangila ya kawo ba, ya ga rodi da idonsa kafin a zuba kankare.

A kuma rubuta yarjejeniya, ko da ɗan kwangilar ɗan ɗakinku ne. Muna jin kunyar takarda tsakanin ’yan’uwa, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A raba biya mataki-mataki: harsashi, linta, dakin, rufi. In ya kammala mataki aka duba aka gamsu, biya shi a ranar. Mai gidan da ke jan kuɗin magini wata biyu, sannan ya zo yana faɗan a gama kafin Sallah, shi ma yana cikin masu rage simintin.