Takardar da Ke Ƙasan Akwatin Baba

Bayan an share makokin Baba, mun buɗe akwatinsa na ƙarfe don a raba tufafinsa. A can ƙasa, ƙarƙashin manyan riguna, muka tarar da wata takarda naɗe cikin leda, an sake naɗe ledar cikin tsohon rawani. Mun zaci takardar gona ce ko ta gida. Ashe takardar tabbatar da shi a aiki ce, wadda aka buga da tafireta shekara biyu bayan ya kama aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna. Layi shida ne kacal. Tawadar ta koɗe, amma ko gefenta bai yage ba.

A zamaninsu shekara biyun farko na gwaji ne, kuma har gobe haka dokar aikin gwamnati take. Ana duba zuwanka da tashinka da hannunka a kan fayil. In ka haye, sai wannan takarda ta fito, daga ranar ka zama ma'aikacin dindindin. Ba mai sallamarka don ya tashi da ɓacin rai. Sai an ba ka takardar tuhuma, ka amsa, kwamiti ya zauna. Kana da hutun shekara da kuɗinsa, da bashin keke ko babur, da katin asibiti, a ƙarshe kuma giratuti da fansho. Shi ya sa idan saurayi ya aika neman aure, waliyyan yarinya kan tambaya ko aikin nasa mai fansho ne.

Abin da mu 'ya'yansa muka fi gani shi ne nauyin da takardar ta ɗora masa. Daga masallacin asuba sai wanka, sai ya hau kekensa Raleigh, domin akwai rajistar da ake ja wa jan layi, kuma shekara talatin da biyar sunansa bai taɓa faɗawa ƙasan layin ba. An yi masa canji zuwa wani gari da ba lantarki ba famfo, ya ɗaure kaya ya tafi, bai je gidan kowa kamun ƙafa ba. Abin da ya gani a fayil bai taɓa biyo shi zaure ba. Na tuna ranar da littafina ya cika, Inna ta ce ya taho mini da 'yan fallayen takarda daga ofis. Ya dube ta ya ce, "Takardar gwamnati ce, ba tawa ba." Da yamma ya sayo mini littafi a kanti. A lokacin na ɗauka tsauri ne kawai irin na mutanen da.

Shekarar 1975 ce ta girgiza wannan tsari, kuma sau biyu ta girgiza shi. A farkonta aka biya ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, haɗe da bashin watanni a dunƙule. Unguwa ta cika da sababbin rediyo da babura, 'yan kasuwa su ma suka ɗaga farashi, suna cewa nasu Udojin ke nan. A ƙarshen Yuli Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, aka shiga wankin ma'aikata. Sama da mutum 10,000 suka rasa aikinsu cikin 'yan watanni, daga alƙalai da manyan sakatarori har masinjoji. Wasu a rediyo suka fara jin sunansu, tare da kalmar da ta zama abin tsoro a kowane gida: nan take.

Ina cikin masu ganin girman Murtala, kuma ban musa cewa akwai ruɓa a ofisoshi ba. Talakawa sun yi murna, da dalilinsu. Sai dai an haɗa da mutane da yawa da ba a ba su damar buɗe baki ba, an fitar da iyalansu daga gidajen gwamnati ba su da inda za su dosa. Waɗanda suka tsira sun kalli wannan, suka karanta darasin da ba shi aka yi niyyar koyarwa ba: takarda ba ta kare kowa, gara mutum ya yi wa kansa tanadi tun yana kan kujera. Tsofaffin ma'aikata da dama daga nan suke ƙirga lalacewar aiki. Rabin maganarsu gaskiya ne. Sauran rabin son zuciya ne da ya samu mafaka, domin Baba ma ya ga abin da suka gani, bai kuwa sauya ba.

Daga baya fansho ya zama layin tsofaffi a rana, ana tantance su ana sake tantancewa. A 2004 aka kawo tsarin adashi, aka gyara shi a 2014: mai ɗaukar ma'aikata ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, tare da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Dokar ƙwadago ma tana nan da ranta. Ta wajabta a ba ma'aikaci rubutacciyar yarjejeniya kafin ya wuce wata uku da kama aiki. Wanda ya shekara biyar ba a rabuwa da shi sai da sanarwar wata guda, shi ma haka zai bayar in zai tafi. Mai juna biyu tana da hutun mako goma sha biyu. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne.

Duk da haka ɗan ƙanwata shekararsa bakwai a wani kamfani, yana aikin da na dindindin ke yi, kafaɗa da kafaɗa da su, amma sunansa na hannun ɗan kwangila. Ba hutu, ba asusun fansho, ba ko fallen takarda. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. A ɗaya gefen kuma na san masu takardar dindindin da ba sa leƙa ofis sai ranar tantancewa, da malamin da ajinsa ke zaune shiru shi yana shagonsa. Albashi na shigo musu ta waya. Idan ka yi magana su ce aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne, alhali yaran ajin nan kowannensu da ubansa.

Kwanan baya ɗan ƙanwar nan tawa ya zo gaishe ni. Bayan mun gaisa ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a taimaka a samo mini na gwamnati. In na samu na dindindin ai na huta."

Kalmar hutawar ce ta tsaya mini a rai. Na shiga ciki na ɗauko takardar kakansa na miƙa masa, na ba shi labarin jan layi da na littafin kanti. Ya karanta sau biyu, sannan ya tambaye ni ko fanshon ya riƙe Kaka har ƙarshe. Na gaya masa gaskiya: a shekarunsa na ƙarshe bai isa ko kuɗin magani ba, mu muke cikawa, kuma ban taɓa jin ya ce da ya sani ba.

Na ce masa zan nema masa, amma kafin nan ya je wurin da yake aiki ya nemi rubutacciyar yarjejeniyarsa, tun da doka ta ba shi ita shekara bakwai da suka wuce, shi da abokan aikinsa su tafi tare, kada ya je shi kaɗai. Ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya mayar da ita cikin ledar, ya naɗe rawanin yadda ya same shi.