Dattijo Da Babur: A Hau Don So, Kada A Hau Don Dole

Jama'a, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada, inda mutum idan ya ajiye aiki sai ya sayi babur, ya ɗaure kayansa a baya, ya kama hanyar bakin teku yana tafiya yana yada zango har tsawon watanni. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Ted Simon ya zaga duniya a kan babur daga 1973 zuwa 1977, har ya ratsa ƙasarmu ta Sudan ya shiga Habasha, sannan a 2001, yana dab da cika shekara 70, ya sake ɗaukar wannan hanya. Idan aka ba da irin wannan labari a rumfar kasuwa dariya ake yi, a ce aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma ni ina ganin akwai abin da ya kamata ɗan kasuwar Rusairis ya tsaya ya duba a ciki.

Da farko dai, doguwar tafiya zuwa bakin teku gadonmu ce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Dubban kakanninmu kuma sun taso daga Kano da Sakkwato da Katsina a ƙasa, wasu bisa jakuna, suna tsayawa su yi ƙwadagon auduga a Jazira domin su tara kuɗin jirgi, kafin su isa Sawakin su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawansu da furfura suka yi wannan tafiya. Saboda haka jikan waɗannan mutane bai kamata ya yi wa dattijo dariya ba don ya ce yana son ya ga teku da idonsa.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne, su waɗancan suna hawa babur ne da kuɗin fansho a aljihu, mu kuwa namu dattawan suna hawa ne domin idan ba su hau ba tukunya ba za ta hau murhu ba. Duk mai zirga-zirga a kasuwannin kan iyaka ya san irin dattijon da nake nufi: ya haura shekara 60, ya labta buhunan albasa ko jarkokin mai a bayan babur, yana kokawa da laka a damina, yana shan ƙura da rani. Ma'aikacin gwamnati yana da ranar ajiye aiki, amma ɗan kasuwa ba wanda zai rubuta masa takardar hutu, sai ciwon baya ko hatsari ne ke sauke shi.

Wannan ne ya sa nake ganin wajibi ne ɗan kasuwa ya yanka wa kansa lokacin sauka tun yana da ƙarfinsa. Ya jawo ɗansa ko yaron shagonsa ya koya masa hanya da abokan ciniki da riƙon littafin bashi, ya ware wani kaso na riba ya zuba a abin da faɗuwar darajar fam ba ta cinyewa da sauri, kamar dabba ko gona. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna iya buɗe adashe na musamman domin tsufa, tunda adashe ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ranar da yaro ya karɓi hanyar kasuwa, ranar ce baburin dattijo zai tashi daga jakin dako ya koma abin hawan zumunci.

Kuma alal haƙiƙa zumuncin yana bukatar mai taka masa. Rikicin da aka yi a Rusairis da Damazin a Yulin 2022, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, sun warwatsa iyalai da dama, wasu suna Gadarif, wasu Kasala, wasu Bur Sudan. Waya tana isar da gaisuwa, amma Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ba wanda ya fi dattijo cancantar zuwa ya yi ta'aziyya, ya sasanta 'yan uwa, ya nuna wa jikoki danginsu.

Wani zai ce hanyar ta yi wa tsoho nisa, kuma yana da gaskiyarsa. Daga Rusairis a bi ta Sinja da Sinnar da Madani da Gadarif da Kasala, a gangara duwatsun Sinkat zuwa Sawakin, tafiyar ta haura kilomita 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma ƙashin tsoho idan ya karye ba ya ɗoruwa da wuri. Amma maganin wannan shi ne shiri. Likita ya duba ido da hawan jini da ciwon sukari kafin a tashi. A sa hular kwano, domin rawani ba ya tare kwalta. A tafi lokacin sanyi, bayan damina ta ɗauke, a tafi mutum biyu ko uku, a sauka kafin magariba. A riƙe takardun babur da na shaida, a san dokar kowace jiha game da babura, a kuma tambayi direbobin manyan motoci halin da hanya take ciki. Idan suka ce babu lafiya, a haƙura a jira, ko a shiga bas. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe ina kira ga matasan da ke cin gajiyar rumfunan iyayensu da su karɓi wahalar hanya tun yanzu, kada su jira sai an kawo Baba a kwance. Ku kuma iyayenmu, ku saki ragama da hannunku, ku huta, ku ziyarci danginku. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa mu yi kyakkyawan tsufa, amin.