Marubucin da Bai San Taro da Sisi Ba

Maganar wannan makon a kan tsoffin kuɗi ce, kuma ba za mu sassauta ba.

Rubuce-rubuce na shigowa zauren nan, labari ya faru a zamanin Sardauna, amma sai ka ga jarumi ya zaro naira ya sayi rake a kasuwar Maƙarfi. Sardauna ya rasu a 1966, naira kuwa ba ta fito ba sai 1 ga Janairu 1973. In an yi gyara, sai marubuci ya ce ai ƙagaggen labari ne. Ƙage bai ba kowa izinin jahilci ba. Dattijon Kudan da ya sayar da mazarƙwaila da sule, a shafin nan zai rufe littafinka.

Lissafin ba shi da wuya. Anini 10 kwabo ne, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Taro kwabo 3, sisi kwabo 6, dala sule 2. Da aka yi canji, fam ɗaya ya koma naira 2, shi ya sa har yau jaka, wato fam 100, take nufin naira 200.

Dubi yadda wasu ke riƙon nasu. A Turai akwai masu tara kuɗin azurfar Rumawa, denariyus, wanda aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna karanta sunan sarki, su auna nauyi, har su gano lokacin da hukuma ta rage azurfar, kamar yadda Sarki Nero ya yi a shekara ta 64. Daga sunan kuɗin nan dinari ya samo asali, haka ma harafin "d" da ake rubuta sisi da shi, 6d. A nan kuwa, kwabo mai huda ana kwaso shi daga adakar kakanni a auna wa 'yan gwangwan.

Don haka kowa, daga Ikara har Hunƙuyi, ya nemo tsohon kuɗi guda. Kada a goge shi da toka ko yashi, rubutun zai sude. A karanta shekararsa, a tambayi tsohuwar gida me yake saye a lokacinta, a rubuta amsar, a turo hoton nan. Wanda bai yi ba, ya bar labarin da can ga masu iyawa.